Rijiyar Unguwa ko Ruwan Leda: Wace Manhaja Ce Ta Fi Aminci, Buɗaɗɗiya ko Rufaffiya?

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2024, wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, ma'aikacin kamfanin Microsoft, yana cikin gwaje-gwajen aikinsa sai ya lura kwamfutarsa tana ƙara kusan rabin daƙiƙa a kan yadda ta saba kafin ta karɓi mai shiga daga nesa. Rabin daƙiƙa, ƙiftawa da bismilla. Da wani ne da ya ɗora laifin a kan intanet ya ci gaba da harkarsa. Shi kuwa sai ya bi sawu, daga wannan manhaja zuwa waccan, har sawun ya kai shi ga wata 'yar ƙarama mai suna XZ Utils, wadda aikinta matse fayil don ya rage girma, kuma kusan babu kwamfutar da ke aiki da Linux da ba ta ɗauke da ita. A cikinta ya tarar an haƙa ɓarauniyar hanya, wadda da ta yaɗu, da mai ita ya riƙa shiga manyan kwamfutocin duniya yadda ya ga dama. Ranar 29 ga watan ya shelanta abin da ya gano.

Wanda ya haƙa hanyar ya ɓuya ne a bayan sunan Jia Tan. Ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa da gyare-gyare kyauta, har mai kula da manhajar, Lasse Collin, wanda ya daɗe yana ɗauke da nauyin shi kaɗai ga gajiya, ya amince da shi ya damƙa masa mabuɗi. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa wannan ɓarawon ya fara da mayar da kansa ɗan gida.

Labarin yana fita, tsohuwar muhawara ta taso. Wasu suka ce: kun gani, abin da aka bari a buɗe kowa ke sa wa hannu, har maƙiyi. Wasu suka ce: da a rufe yake, da me Freund zai duba har ya gane? Duka ɓangarorin biyu suna da abin riƙo a labari guda. Wannan ne ya sa ya dace a ɗora su a sikeli a tsanake.

Kowace manhaja, daga WhatsApp ɗin da ke wayarka zuwa wadda ke lissafa kuɗinka a banki, tana farawa ne da rubutu. Masana suna tsara umarni layi bayan layi cikin yaren da ɗan'adam zai iya karantawa, sannan a juya shi zuwa lambobin da na'ura kaɗai ke fahimta. Wannan rubutu na farko shi ne tushen manhaja. Idan masu ita suka baje tushen a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, ita ce buɗaɗɗiyar manhaja, irin su Linux da Firefox da LibreOffice da VLC. Idan kamfani ya kulle tushen a wurinsa ya sayar maka da izinin amfani kawai, ita ce rufaffiya, irin su Windows da Photoshop da akasarin manhajar iPhone.

Ta farko kamar rijiyar unguwa ce da aka haƙa da aikin gayya. Kowa na iya leƙawa ya ga ruwan, kowa na iya zura guga, kuma idan wani abu ya faɗa ciki, mai ido zai gani. Richard Stallman ya kafa harsashin wannan tafiya da shirin GNU a 1983, sannan Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da Linux a 1991. Ta biyu kamar ruwan leda ce. Ya zo a liƙe, da sunan kamfani a jiki. Ba ka ga inda aka ɗebo shi ba, ba ka ga yadda aka tace shi ba, amma akwai wanda ya sa sunansa da jarinsa a kai. Tambayar ita ce, wanne za ka ba iyalinka su sha hankalinka kwance?

Hujjar masu rijiya ta girmi kwamfuta. Tun a 1883 wani masanin rubutun sirri, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo nagari shi ne wanda ko maƙiyi ya san yadda aka ƙera shi ba zai iya buɗe shi ba, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba. Kwaɗo nagari ba ya tsoron maƙeri ya duba cikinsa. Wanda ingancinsa ya rataya a kan kada a san yadda yake, ranar da aka sani ya tashi aiki. Duniyar yau a kan wannan ƙa'ida take tafiya. Da Amurka ta tashi neman sabon tsarin kulle bayanai a 1997, gasa ta buɗe a fili. Aka kawo tsari 15, masana daga ko'ina suka yi ta ƙoƙarin fasa su, daga ƙarshe aka zaɓi na wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, ya zama AES a 2001. Da shi bankuna da gwamnatoci ke kulle sirrinsu har yau. WhatsApp ma, duk da kasancewarta rufaffiya, tun 2016 da buɗaɗɗen tsarin Signal take kulle saƙonnin mutane. Ke nan a wurin da sirri ya fi tsada, hatta masu rufewa buɗaɗɗen kwaɗo suke saye.

Daga nan aka samo maganar da ta zama taken masu buɗewa, wadda Eric Raymond ya yayata a ƙarshen shekarun 1990, cewa yawan idanu yana tona kowane kuskure. Bahaushe ya riga shi faɗa: hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kuma akwai gaskiya a ciki. Manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya, tun 2017 dukkansu da Linux suke aiki, kuma yawancin shafukan intanet a kan buɗaɗɗiyar manhaja suke zaune. Masu irin wannan dukiya ba sa jingina da abin da ba su gwada ba.

Sai dai damar dubawa daban, dubawar daban. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata ɓaraka da aka raɗa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare hanya tsakaninka da shafin da kake shiga. Kuskure ne ɗan ƙarami, an manta a sa manhajar ta tantance tsawon abin da aka nema daga gare ta. Sakamakon haka mai kutse na iya tatsar bayanai daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, har da kalmomin sirri da mabuɗai, ba tare da ya bar sawu ba. An kiyasta kusan shafuka rabin miliyan abin ya shafa. A Kanada an sace lambobin shaidar mutane kimanin 900 daga hukumar haraji ta wannan kafa. Kuskuren ya yi shekara biyu cur a fili, kowa na iya karanta shi, ba wanda ya lura da shi. Da aka waiwaya sai aka ga dalili: manhajar da manyan kamfanonin duniya ke cin moriyarta, gudummawar da take samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, kuma mutum guda ne ya duƙufa a kanta a matsayin cikakken aikinsa. Kowa na ɗiba a rijiyar, ba mai yasarta.

Haka aka sake gani a Disambar 2021 da Log4j, wata ƙaramar manhajar ajiye bayanan aiki da 'yan sa-kai ke kula da ita a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Wani injiniyan kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ne ya gano kafar, wadda ta kasance a ciki tun 2013, kuma aka ba ta maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kamfanoni da dama ba su ma san suna ɗauke da ita ba, domin tana binne a cikin wasu manhajojin da suka saya. Wannan shi ne babban ciwon buɗaɗɗiyar manhaja: abin kowa da kowa yakan zama ba na kowa ba.

A nan masu ruwan leda ke samun bakin magana. Kamfani yana da ma'aikatan da yake biya su kwana suna neman ɓaraka. Yana da suna da zai zube idan aka yi abin kunya, yana da ofishin da za a je a kai ƙara. Microsoft, bayan ƙwayoyin cutar kwamfuta sun yi mata kaca-kaca a farkon shekarun 2000, Bill Gates ya umarci ma'aikatansa a Janairun 2002 su fifita tsaro a kan ƙara sababbin abubuwa, kuma tun 2003 kamfanin ke fitar da faci a Talata ta biyu ta kowane wata. Apple yana riƙe da na'ura da manhaja a hannu guda, shi ya sa idan ya saki gyara yakan isa miliyoyin wayoyi cikin kwanaki. Ga asibiti ko makarantar da ba ta da ƙwararren ma'aikacin kwamfuta, samun wanda zai ɗauki wannan nauyi ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya raina wannan hujja bai yi adalci ba.

Amma liƙe leda ba ya hana ruwa gurɓata, yana dai hana ka gani. Masu kutse ba sa jiran a ba su tushe. Suna da dabarun warware manhaja daga bayanta, suna ƙwanƙwasa kowace kusurwa har su ji inda ke da rauni. A ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta afka wa kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita kusan 19,000. Kafar da ta bi tana cikin Windows, kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta san da ita, ta ƙera makami a kanta ta adana, har wasu da ke kiran kansu Shadow Brokers suka fallasa shi. Ga rufaffiyar manhaja, ga ɓaraka, masu leƙen asiri sun sani, ɓarayi sun sani, masu amfani da ita ne kaɗai ke cikin duhu.

Lamarin SolarWinds kuwa shi ne tagwayen na XZ, kuma ajiye su kafaɗa da kafaɗa yana koyar da abu mai yawa. SolarWinds kamfani ne na jihar Texas mai sayar da manhajar Orion ta kula da kwamfutocin manyan ma'aikatu. Masu kutse, waɗanda Amurka ta ce jami'an leƙen asirin Rasha ne, suka shiga inda ake haɗa manhajar suka cusa gubarsu. Kamfanin da kansa ya buga hatiminsa a kai ya aika wa abokan cinikinsa a matsayin sabuntawa, tun daga Maris na 2020. Kimanin 18,000 suka sauke, ciki har da ma'aikatun kuɗi da kasuwanci na Amurka. Ba a farga ba sai a Disamba, lokacin da kamfanin tsaro na FireEye ya gano shi ma an shige shi. Wata tara ke nan ɓarawo na cikin ɗaki. Na XZ kuwa, gurɓatacciyar manhajar ta fito a ƙarshen Fabrairu, aka kama ta a ƙarshen Maris, tun tana matakin gwaji ba ta kai ga yawancin masu amfani ba. Gaskiya ne akwai sa'a a kamun da Freund ya yi. Amma sa'ar ta sami wurin sauka ne saboda yana da ikon buɗe tukunya ya duba. Abokin cinikin SolarWinds da ya ji wani baƙon motsi ba shi da abin yi sai ya rubuta wa kamfani ya jira amsa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kuskure muni, wato cin amana daga mai kayan. A Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da gidan talabijin na ZDF na Jamus suka bankaɗo cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, tun a 1970 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA da takwararta ta Jamus ta Yamma suka mallake shi a asirce. Ƙasashe irin su Iran da Libiya da Ajantina suna biyan kuɗinsu, ana karanta sirrinsu. A 2015 kuma aka kama kamfanin Volkswagen ya dasa manhaja a motoci kimanin miliyan 11, wadda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi sai ta rage shi, in an hau titi ta sake. Irin wannan yaudara tana buƙatar duhu. A buɗaɗɗiyar manhaja ma ana iya gwada ta, kamar yadda Jia Tan ya yi, amma sai da ya ɓata shekaru yana lallaɓawa yana ɓoye gubarsa a cikin fayilolin gwaji, domin ya san ana iya dubawa. Ga ƙasashe irin namu, waɗanda ke sayo kusan duk fasaharsu daga waje, wannan darasi ne da bai kamata gwamnati ta manta da shi ba.

Duk da haka, idan mutum ya tara waɗannan labarai ya dube su da kyau, zai ga zare guda ya ratsa su, kuma zaren bai damu da buɗewa ko rufewa ba. Microsoft ta fitar da facin ɓarakar WannaCry tun 14 ga Maris na 2017, kusan wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su liƙa shi ba, ko masu tsofaffin Windows da aka daina kula da su. A wannan shekarar dai aka sace bayanan Amurkawa kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax, ta wata kafa a buɗaɗɗiyar manhajar Apache Struts. Ita ma an fitar da facinta a Maris, kamfanin bai saka ba, ɓarayi suka shiga a Mayu. Ɗaya rufaffiya, ɗaya buɗaɗɗiya, cuta guda ce ta kwantar da su: sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a duka biyun an kawo kayan liƙe tsagar, aka ajiye a gefe.

Haka nan iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ta daɗe da shafewa. Android da ke cikin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung a kan Linux aka gina shi, sannan Google da masu ƙera wayar suka ɗora nasu rufaffun sassan a sama. Burauzar Chrome da Edge daga buɗaɗɗen Chromium suka fito. Microsoft da ta taɓa yaƙar Linux ita ce ta sayi GitHub a 2018, matattarar buɗaɗɗun manhajoji mafi girma a duniya. Ruwan ledar da kake sha, sau da yawa daga rijiyar unguwa aka ɗebo shi. Saboda haka duk wanda ya ce ya guji buɗaɗɗiya don ya tsira, yana amfani da ita bai sani ba.

A wajenmu kuma akwai kashi na uku da muhawarar Turai ba ta cika ambata ba, alhali shi ya fi yawa a hannunmu, wato manhajar da aka fasa. Mutum ya sayi kwamfuta, mai gyara ya ɗora masa Windows da Office na sata, ya kashe sabuntawa don kada a gane. Matashi ya karɓi GB WhatsApp ta Xender daga wayar aboki saboda tana nuna saƙon da aka goge, alhali kamfanin WhatsApp ya sha gargaɗi a kanta har yana rufe lambobin masu amfani da ita. Irin wannan manhaja ta rasa alherin kowane ɓangare. Ba a buɗe take ba balle a duba, ba ta kamfani ba ce balle a kula da ita, kuma ba ka san hannun da ya taɓa ta ba kafin ta iso gare ka. Ruwan kwata ne aka ɗura a leda. A kan irin wannan waya mutum ke buɗe manhajar bankinsa, ya rubuta lambar sirrinsa, gobe ya wayi gari asusu wayam. Ga kuma dubban kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu da har yanzu ke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa faci tun Janairun 2020, sannan Windows 10 ma wa'adin kulawarta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025.

To ina sikeli ya rinjaya? A ganina, idan kulawa ta zo daidai, buɗaɗɗiya ta fi cancantar amana. Dalilina ba wai ta fi ƙarancin kuskure ba ne, domin duk rubutun ɗan'adam yana da kuskure. Dalilina shi ne ciwonta a fili yake kuma maganinsa na hannun kowa. Bayan Heartbleed manyan kamfanoni sun haɗa kuɗi a ƙarƙashin Gidauniyar Linux don tallafa wa irin waɗannan ayyuka, wasu kuma suka ɗauki tushen OpenSSL suka share shi suka fitar da nasu. Rijiyar da aka yi sakaci da ita ana iya taruwa a yashe ta. Rufaffiya kuwa, idan mai ita ya yi ƙarya, ko ya daina kula da ita, ko ya karye, ba ka da yadda za ka yi. Gani ya kori ji, kuma a wurin da ake maganar kulle sirri, ko ƙidayar ƙuri'a, ko ajiye bayanan 'yan ƙasa, ya kamata a ce ana iya gani. Amma idan zaɓin tsakanin buɗaɗɗiyar da aka yi watsi da ita ne da rufaffiyar da ake yi wa faci kowane wata, to ta biyun ta fi aminci, kuma babu kunya a faɗi haka.

Don haka, ya kai mai karatu, kafin ka ɗora kowace manhaja a na'urarka ka tambayi abu uku: daga ina ta fito, wa ke kula da ita, kuma yaushe aka yi mata gyara na ƙarshe. Ka sauke ta daga gidanta na asali. Idan wayarka ta nemi sabuntawa, kada ka ji ƙyashin data. Idan ba ka da kuɗin sayen Office na halal, LibreOffice kyauta ce kuma ta fi ta sata tsabta. Idan kwamfutarka ta tsufa Windows ta yi mata nauyi, Linux na iya tayar da ita. Jami'o'inmu kuma su saka ɗalibansu cikin aikin karanta tushen manhaja da gyara shi, gwamnatoci da bankunan da ke cin moriyar wannan rijiya su ba da nasu kason wajen yasarta. Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fage rigakafin bai wuce kulawa ba.